Saƙonka na WhatsApp ta ƙarƙashin teku yake bi

Assalamu alaikum jama'a. Alhaji yana zaune a shagonsa cikin babbar kasuwar Maraɗi, ya danna waya ya aika saƙon murya ga mai kawo masa kaya daga Chaina. Kafin ya aje wayar, saƙo ya isa. Ta ina ya bi? Da yawanmu za mu nuna sama, mu ce tauraron ɗan'adam. To, ba can ba ne. Iska ta ɗauki saƙon ne kawai daga wayar zuwa dogon ƙarfen rezo na unguwa. Daga nan igiya ce. Fiye da kashi 95 cikin ɗari na abin da ke ratsa nahiyoyi a intanet, igiyoyin da aka shimfiɗa a ƙasan teku ne ke ɗauke da shi.

A tsakiyar teku kaurin igiyar bai wuce na rake ba. Cikinta akwai siraran zaruruwan gilashi, kuma haske ake harbawa ta ciki, yana gudun kusan kilomita 200,000 a daƙiƙa ɗaya. Muryar Alhaji haske ta koma.

Dabarar ta girmi kakanninmu. A 1858 aka ja igiyar tangaraho ta farko da ta ratsa Tekun Atlantika, daga Ailan zuwa gaɓar Kanada ta yau. Sarauniya Biktoriya ta Ingila ta aika gaisuwa ga shugaban Amurka, kalmomi 98, sai da suka ɗauki kimanin awa 16 kafin su gama wucewa. Igiyar ta mutu bayan mako uku.

Yanzu ga inda abin ya shafe mu. Nijar ba ta da teku, don haka sai saƙonmu ya keta ƙasar maƙwabta ya kai gaɓa, wurare irin su Kwatano da Legas inda igiyoyin ke fitowa tudu. Kun tuna ranar 14 ga Maris 2024, cikin azumi, da rezo ya yi ta wahalar da mutane? A ranar igiyoyi huɗu, WACS, ACE, SAT-3 da MainOne, suka lalace a teku daura da Abijan. Ƙasashen Afirka ta Yamma da dama suka ji a jikinsu, har da mu da ke nesa da ruwan gishiri.

Galibi anga ta jiragen ruwa da komar masunta ke tsinka igiyoyin, wani lokaci zaftarewar ƙasa a can ƙasan teku. Gyaran kuwa aiki ne ja: jirgi na musamman zai je wurin, ya zura ƙugiya ya lalubo igiyar, ya ɗago bakunan biyu, ma'aikata su haɗa zaren gilashi ɗaya bayan ɗaya. Na 2024 ya ɗauki makonni.

Abin da ke damuna shi ne ƙasar da cinikinta da aiken kuɗinta suka koma waya ta dogara da ƙofa ɗaya ko biyu. Shi ya sa nake ganin muhimmancin aikin jan igiya ta Sahara, da tallafin Bankin Raya Afirka, don haɗa Nijar da Aljeriya, Chadi da Najeriya. In ta kudu ta tsinke, saƙo ya bi ta arewa ya faɗa Bahar Rum.