Jawabin Maraba ga Mai Girma Ministan Tsaron Ƙasa daga Iyalan Tsoffin Sojoji na Jihar Maradi

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Mai girma Ministan Tsaron Ƙasa, mai girma Gwamnan jihar Maradi, mai martaba Sarkin Katsinar Maradi da mai martaba Sarkin Gobir na Tibiri, Allah ya ja zamaninku; manyan hafsoshi, malamanmu, iyayenmu mata, jama'a baki ɗaya, assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranka ya daɗe, barka da sauka, sannu da hanya. Aikinka sananne ne, ba sai mun tsaya lissafa shi ba. Duk wanda ke kwana da ido biyu rufe a garin nan ya san akwai masu kwana a tsaye dominsa, kuma kai ne ubansu. Da ka ware mana wannan lokaci cikin ayyukan da ke gabanka, ka riga ka girmama mu. Allah ya saka da alheri.

Tun da lokacinka kaɗan ne, bari mu fara da abin da ya tara mu. Muna roƙo a buɗe mana ofishi a nan Maradi, ko da ɗaki ɗaya ne da ma'aikata biyu, wanda zai karɓi takardun fansho da na haƙƙin magadan soja, ya bi su har su fito, ba tare da an tura matar mamaci Yamai ba. Wannan ce buƙatarmu ta farko, kuma za ka sake jin ta kafin mu zauna.

Ka sauka a garin da mayaƙa suka kafa. Bayan da Birnin Katsina ya faɗi a 1807, kakanninmu ba su miƙa wuya ba. Suka yo arewa, Ɗan Kasawa ya kafa musu sarauta a bakin Gulbin Maradi, ƴan'uwanmu Gobirawa kuma suka kafa tasu a Tibiri, nan kusa da mu. Har yau idan makaɗa suka ambaci Sarki Ɗan Baskore, sai ka ga dattijo ya gyara zama. Ruwa ya cinye tsohon gari a 1945, mutane suka hau tudu suka sake gini, suka mai da shi cibiyar kasuwancin Nijar da gyaɗa da fatauci. Garin da ya saba tashi bayan faɗuwa ba ya saurin kuka, ranka ya daɗe. Idan ka ji mun yi, to abin ya kai.

Ƴaƴan wannan yanki sun ɗauki bindiga tun kafin a sami ƙasa mai suna Jamhuriyar Nijar. An kwashe su zuwa yaƙin duniya, an kai wasu Indocin, wasu Aljeriya. Me suka samu? A 1959 Faransa ta daskarar da fanshonsu, Bafaranshen da suka kwana rami ɗaya da shi yana karɓar ninkin-ba-ninkin abin da ake ba su, ba a daidaita ba sai a 2011, lokacin da mafi yawansu suna ƙasa. Wannan ciwo yana nan a gidajenmu. Muna faɗarsa ne don kada a maimaita irinsa a hannun namu. Tun da aka kafa rundunar ƙasa a 1961, ba inda aka kira ƴan Maradi suka noƙe: Saudiyya a yaƙin 1991, Kodebuwa da Mali ƙarƙashin tutar Majalisar Ɗinkin Duniya, Diffa da tsibiran tafkin Cadi, Tillaberi. Ranar 10 ga Disamba 2019 sojoji 71 suka kwanta dama a Inates, bayan wata guda wasu 89 a Cinagodar; ƙasa duka ta yi makoki. Ga kuma namu na gida, a Madarunfa da Gidan Runji, inda ƴan bindiga ke tsallako iyaka su sace mutum da dabba, yaranmu kuma suna cikin daji suna tare musu hanya.

Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo. Bari mu nuna maka wurin.

Soja ya rasu, a fagen daga ko bayan ritaya. Matarsa ta shiga takaba, wata 4 da kwana 10, ba ta da halin tafiya ko'ina. Albashi ya tsaya, ko fansho ya tsaya, amma tukunya ba ta san da wannan ba. Ta fita takaba, sai a ce ta kawo takardar mutuwa, takardar aure, takardun haihuwar yara, takardar gado daga wurin alƙali, da shaidar zaman dangi. Aurenta kuwa a ƙofar gidan ubanta aka ɗaura shi, da liman da goro da shaidu, ba wanda ya je wurin magajin gari ya rubuta. Sai ta koma kotu neman takardar da za ta maye gurbi, ta nemo shaidu biyu, ta biya kuɗin motarsu daga ƙauye. Idan mata biyu ko uku ya bari, kowace da nata zagayen. Ta gama haɗawa da ƙyar, sai a ce sauran aikin yana Yamai, tafiyar sama da kilomita 600. Ta sayar da akuya ta hau mota da goyo a baya, ta kwana a tasha ko a zauren wani ɗan garinsu, ta isa ofishi da safe a ce mata harafi ɗaya a sunan mijinta ya saɓa tsakanin takarda da takarda: nan Mahamadu, can Muhamadu. Ta koma Maradi ta gyara. Akwai mata a cikin wannan rumfa, ga su nan zaune a hagunka, da suka yi wannan tafiya har suka gaji suka bar wa Allah. Takardun suna cikin leda a ƙarƙashin katifa.

Ba mu ce wani ya ci haƙƙinsu ba. Doka ta ba su, gwamnati ta ware. Nisa ne da rashin mai nuna hanya suka shiga tsakani. Da akwai ofishi a nan, da ma'aikacin da zai duba takarda ya ce da Hausa, "Hajiya, wannan ce ta rage, je ki kawo," da kuskuren harafi bai ci kuɗin akuya ba. Matan Dakoro da Mayahi da Tasawa da Agye za su zo su koma gida a yini ɗaya. Mun san ana iya aika takardu ta na'ura a yau. Abin da ya rage a sa hannu a ba da umarni, kuma hannun naka ne.

Sauran buƙatunmu za mu taƙaita su. Marayun soja su samu gurbi a lakwal da tallafin karatu har jami'a, ga Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo a cikin garinmu. Tsoffin sojojin da suka dawo da rauni a duba su a asibitin nan kyauta, har da waɗanda rauninsu ba ya ganuwa: mutum ya dawo ba ya barci, ƙarar buga ƙofa tana firgita shi, matarsa ce kaɗai ta san abin da ake ciki, ita ma ba ta da wanda za ta gaya wa. A taimaka wa matan da jari da horo kan sana'a. Matan Maradi sun iya neman na kansu, ƙuli-ƙuli da man gyaɗa da kiwo ba baƙin abu ba ne a wurinsu. Muna kuma fatan samun fili inda za mu riƙa taruwa, don yanzu a zauren ɗaya daga cikinmu muke zama.

Amma idan aka ce mu zaɓi ɗaya, ranka ya daɗe, ofishin nan ne. Yaron da ke tsaye a dajin Baban Rafi a daren yau yana da mata da ƴaƴa, kuma yana ganin yadda ake yi da matan waɗanda suka riga shi. Muna so ya san cewa in ta Allah ta kasance, iyalinsa ba za su yi yawo da leda a hannu ba.

Mun rubuta sunayen iyalan da takardunsu suka maƙale, gunduma-gunduma, da abin da ya tsayar da kowace. Shugabar matanmu za ta miƙa maka da hannunta yanzu. Muna roƙo kafin ka bar Maradi ka nuna mana jami'in da za mu riƙa tuntuɓa a kan maganar ofishin, da lokacin da za mu sa ran jin amsa.

Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu, ya ba masu rauni lafiya, ya kare waɗanda ke bakin daga. Allah ya zaunar da Nijar lafiya, ya mai da kai gida lafiya.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.

Kwamitin iyalan tsoffin sojoji da magadan waɗanda suka rasu, Maradi.