Amsoshin Tambayoyinku: Tsutsar maƙogwaro a jikin dawisu

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum. Wasiƙarmu ta farko yau daga Zariya ta fito. Wani bawan Allah ne da ke kiwon dawisu a gidansa, tare da kaji da 'yan zabi. Ya ce tun shigowar damina 'ya'yan dawisun suke miƙa wuya, suna hangame baki, suna girgiza kai, sun rame. Ya ba su maganin tsutsa mai suna piperazine a ruwan sha har sau biyu, shiru. Yana tambaya, me ya rage?

To Malam, sannu da ƙoƙari. Abin da ka kwatanta ya fi kama da tsutsar maƙogwaro, wadda likitoci ke kira Syngamus trachea. Ja ce, siririya, namiji da mace a manne da juna kamar gwafa, sun kafe a bututun numfashi suna shan jini. Shi ya sa tsuntsu ke hangame baki, iska yake nema. Ƙanana ta fi kashewa, domin maƙogwaronsu bai da faɗi. Damina kuwa lokacin tana ne da dodon koɗi, kuma su ne ke ɗauke da 'ya'yan tsutsar. Dawisu ya tono tana ya haɗiye, shi ke nan ya kamu.

Piperazine ba ya taɓa wannan tsutsa ko kaɗan, doguwar tsutsar hanji kawai yake fitarwa. Maganin tsutsar maƙogwaro flubendazole ne, ana cuɗa shi da abinci kwana 7 a jere, ko kuma fenbendazole. Amma don Allah kada ka auna da ido. Ka kai wa likitan dabbobi ɗanyen kashinsu ya duba ƙwan tsutsar, tunda ciwon numfashi ma kan sa hangame baki, sannan ya auna nauyin tsuntsun ya yanka maka adadi. Idan za a ci ƙwan kajin gidan, a tambaye shi kwana nawa za a dakata.

Abin da ya fi damuna a wasiƙarka shi ne haɗa dawisu da kaji wuri ɗaya. Kaji kan ɗauki wata ƙaramar tsutsa mai suna Heterakis, su yi ta yawonsu lafiya lau. A cikin ƙwanta akwai ƙwayar cutar da ke lalata hantar dawisu da talotalo. In ka ga kashi ruwan ɗorawa, fukafukai sun sauka, to kada ka kwana, ka nemi likita.

Saboda haka ka raba musu keji. Ka riƙa share kashi kullum, ka zuba busasshen yashi, abinci kuma a cikin mazubi, kada a watsa shi a ƙasa. Ƙwan tsutsa kan daɗe a ƙasa mai laima, in ba a gyara wurin ba bayan 'yan makonni za su sake kamuwa.

Allah ya ba su lafiya, Malam. Sai wasiƙa ta gaba.