Tafiyar Farko Zuwa Bangladesh: Ruwa Ne Zai Tsara Maka Hanya

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa. Ku ɗauko taswirar Bangladesh ku dube ta da kyau. Waɗannan shuɗɗan layukan da suka bazu kamar jijiyoyin ganye duk koguna ne. Faɗinta bai wuce a haɗa jihar Neja da jihar Borno ba, wajen murabba'in kilomita dubu 148, amma mutanen cikinta sun kai miliyan 170. Manyan koguna uku ne suka yi mahaɗa a nan kafin su faɗa tekun Bengal. Akwai Ganges, wanda da zarar ya shigo daga Indiya sunansa ke komawa Padma, akwai Brahmaputra da suke kira Jamuna, sai kuma Meghna. Sauran ɗaruruwan ƙannensu ne da rassansu. Wanda zai je ƙasar nan karo na farko, ruwan nan ne zai gaya masa watan da zai tashi, da hanyar da zai bi, da yawan garuruwan da zai iya kaiwa.

To, wane wata? Daga Nuwamba zuwa Fabrairu. Lokacin sama ta ɗauke, zafi ya sauka, koguna sun kwanta. Sanyinsu bai kai hunturun Jos ba, amma idan za ka kwana a kan ruwa ka saka rigar sanyi a jaka. Abu ɗaya da ke damun matafiya a Disamba da Janairu shi ne hazo mai kauri da ke sauka kan kogi cikin dare, har jirgi ya tsaya cik a tsakiyar ruwa sai rana ta fito ta kore shi. Saboda haka kada ka kuskura ka sa ranar saukarka daga jirgin ruwa ta zama ranar tashin jirginka na sama. Daga Maris zuwa Mayu zafi ne mai gumi, ga iska mai tsawa da ke tasowa da yamma ba sallama. Damina kuma daga Yuni take har Oktoba, kuma ba irin tamu ba ce da ake yi a ɗauke. Ƙasa ce shimfiɗaɗɗiya kamar faifai, duk shekara sai ruwa ya shanye wani babban yanki nata. Guguwar teku ta fi zuwa kafin damina da kuma bayanta. Sauron da ke kawo zazzaɓin dengi ma lokacinsa ke nan, kuma a 2023 cutar ta kashe sama da mutum 1,700 a ƙasar. Masu ɗaukar hoto na son damina don koren da ƙasar ke yi, amma ni ba zan tura baƙon farko cikinta ba.

Batun takardu ba shi da tsawo. Ɗan Najeriya ya nemi bizarsa tun daga gida, akwai ofishin jakadancin Bangladesh a Abuja. Ka riƙe katin rigakafin cutar shawara tare da fasfo, don ana neman sa daga wanda ya fito daga yankinmu. Babu jirgin da ke zuwa Dhaka kai-tsaye daga nan, sai an ya da zango, galibi a Doha ko Dubai ko Istanbul ko Addis Ababa, sannan a sauka filin jirgin Hazrat Shahjalal. Agogonsu na gaban namu da awa 5. Hutun ƙarshen mako kuma Juma'a da Asabar ne, Lahadi ranar aiki ce sosai. Kafin ka sayi tikiti ka leƙa labarai, don ƙasa ce mai zafin siyasa. A watan Agustan 2024 zanga-zangar ɗalibai ta kori firaminista Sheikh Hasina daga mulki, kuma suna da wani yajin gama-gari da suke kira hartal, wanda idan aka kira shi motoci kan yi ƙaranci a titi.

Ga ka a Dhaka. Kwana biyu sun ishe ka, kuma su ne za su fi gajiyar da kai. Birni ne na sama da mutum miliyan 20, gosulonsa kuwa ko ɗan Legas sai ya sara masa. A 2017 Bankin Duniya ya ƙiyasta cewa motoci a birnin na tafiyar kusan kilomita 7 ne a awa, wato kaɗan suka fi mai tafiya a ƙasa. Abin da ya ɗan kawo sauƙi shi ne jirgin ƙasa na sama da aka buɗe a Disambar 2022, wanda ke tashi daga Uttara a arewa zuwa Motijheel, har da tarago na mata zalla. Ga Uber, ga Pathao na 'yan gida, ga koren a-daidaita-sahu da suke kira CNG. Amma a lungunan tsohon gari ba abin da ke shiga kamar riksha, keke mai ƙafa uku da mutum ke tuƙawa da ƙarfin cinyarsa, an yi masa ado da zanen furanni da tsuntsaye. Ku yi ciniki kafin ka hau. Ka ce masa "koto?", wato nawa. Kuma kada ka yi dariya idan ka ji ana kiran ƙaton namiji mai gemu da "mama". A harshen Bangla mama na nufin kawu, haka ake kiran mai riksha da mai shayi. Sa'anka kuma "bhai", mace "apa".

Wani abu da ke rikita baƙo shi ne lambobinsu. Lambar da za ka gani kamar 8, to 4 ce. Wadda ta yi kama da 9 kuwa 7 ce. Ka zauna minti goma ka haddace su tun kana gida, don da su ake rubuta farashi da lambar mota da ta kujera. Kuɗinsu taka ne, kuma ka riƙe ƙananan takardu, mai riksha ba ya da canjin dubu.

A tsohon garin ka ga ganuwar Lalbagh da aka fara ginawa a 1678 zamanin daular Mughal, da Ahsan Manzil, jan gidan sarautar nan da ke bakin kogin Buriganga, da ɗan ƙaramin masallacin Tara mai adon taurari. 'Yan kasuwarmu kuma za su so Islampur, kasuwar yadi da ba ta da nisa da nan, tunda bayan China ƙasashe ƙalilan ne ke kamo ƙafar Bangladesh wajen fitar da ɗinkakkun tufafi. Juma'a ka yi ta a Baitul Mukarram, babban masallacin ƙasa da aka gina da siffar Ka'aba. Kusan kashi 90 cikin 100 na mutanen Musulmi ne, 'yan mazhabar Hanafiyya, don haka za ka ga La'asarsu ta fi tamu jinkiri. 'Yan'uwa mata kuma ku tambaya tukuna, ba kowane masallaci ke da sashen mata ba. Masu zuwa taron Bishwa Ijtema na 'yan Tablig a Tongi, bakin kogin Turag, sun san cikar da wajen ke yi, idan tafiyarka ta faɗa makon taron sai ka kama masauki da wuri.

Yanzu ga inda nake so mu daɗe, wato Sadarghat, tashar jiragen ruwan Dhaka. Ka je da yamma liƙis. Jirage ne masu hawa uku da huɗu jere kamar gidajen bene, su suna ce musu lanch, ga ƙananan kwale-kwale na ratsawa ta ƙarƙashin hancinsu ɗauke da mutane da kwandunan kaya. Jiragen Barishal na tashi ne bayan Isha'i, su kwana suna tafiya, su isa da asuba. A hawan ƙasa talakawa ke shimfiɗa tabarma da zani su kwanta da 'ya'yansu, kuɗin ba shi da yawa. A sama kuma ɗakuna ne, na mutum ɗaya ko biyu, wasu da fanka wasu da na'urar sanyaya ɗaki. Ka kama ɗaki, amma kada ka kulle kanka a ciki. Jirgin zai fita daga Buriganga, wanda ruwansa ya yi baƙi saboda dattin masana'antu, ya gangara har ya shiga Meghna, inda wani wurin ba ka hango gaɓa ko ɗaya, sai fitilun masunta nan da can. Ka sayi shayi ka tsaya a baranda. Idan gari ya fara wayewa za ka ga ƙauyuka a bakin ruwa, da itatuwan kwakwa, da yara da ke tuƙa kwale-kwale kamar yadda namu ke tuƙa keke.

Tun da aka buɗe gadar Padma a watan Yunin 2022, mai tsawon kilomita 6 da ɗoriya, mota na kai mutum Barishal cikin 'yan awanni, kuma fasinjojin jiragen sun ragu ƙwarai. Wannan ya sa samun ɗaki ya yi sauƙi. Sai dai a guji kwanakin Sallah, ƙarama da babba, lokacin da Dhaka ke kwashewa kaf zuwa ƙauye, jirage su yi lodin da ya wuce ƙima, har rufin jirgin ƙasa mutane ke hawa. Ka zaɓi babban jirgi, kana shiga kuma ka duba inda aka ajiye rigunan ruwa.

Daga Barishal ka hau mota zuwa Bagerhat, garin da Khan Jahan Ali ya kafa a ƙarni na 15. Nan ne masallacin da ake wa laƙabi da mai ƙubba sittin, ko da yake idan ka ƙirga za ka sami 77 a rufi da 4 a kusurwoyi, ginshiƙan ne sittin. Da jan bulo aka gina shi, kuma har yau ana salla a ciki. Daga nan Khulna ko Mongla, ƙofar dajin Sundarbans, daji mafi girma a duniya na itatuwan da ke tsiro cikin ruwan gishiri, wajen murabba'in kilomita dubu 10 tsakanin Bangladesh da Indiya. Ba a shiga haka kawai. Sai da izinin hukumar gandun daji da ɗan rakiya mai bindiga, kuma kamfanonin yawon buɗe ido ne ke shirya wannan, yawanci kwana uku a jirgi, a nan za ka ci a nan za ka kwana. Daga Yuni zuwa Agusta ma a rufe dajin yake. Za ka ga barewa da birai da kada, amma damisar Bengal da ake ta zuzutawa, ƙidayar 2024 ta sami 125 ne kacal a ɓangaren Bangladesh, in ka ga sawunta a taɓo ka gode Allah.

Abinci ba zai ba ka wahala ba. Shinkafa da kifi ne safe da yamma, da miyar dal, da hannun dama ake ci kamar gida. Kifin ilish shi ne abin alfaharinsu, yana da daɗi, amma ƙayarsa sai mai haƙuri. A tsohon Dhaka ka nemi kacchi biryani na naman akuya ko rago. Ga kuma abin mamaki: tsiron da suke saƙa buhunan algarara da zarensa suna sayar wa duniya, lalo ne, wannan dai lalon namu na miya, su ma suna cin ganyensa. Ruwa kuwa na gora kawai za ka sha.

Kallo za ka sha shi, musamman a ƙauye inda baƙar fata ba ta cika zuwa ba. Za a kewaye ka, a tambaye ka ƙasarku, a nemi hoto. Yawanci son sani ne, kana yin sallama za ka ga fuska ta sake, wani ma ya ja ka shan shayi ya hana ka biya.

Idan ka lissafa, Dhaka biyu, dare ɗaya a jirgi, Bagerhat ɗaya, Sundarbans uku, komawa ta gadar Padma ɗaya, kwana takwas ke nan. Mai kwana goma ya ƙara da Srimangal a arewa maso gabas, tafiyar awa huɗu zuwa biyar a jirgin ƙasa, inda tuddan ganyen shayi suke, ya sayi tikitin da wuri don yana ƙarewa. Cox's Bazar mai gaɓar teku ta kusan kilomita 120, da tsaunukan Chittagong da baƙo ke buƙatar izini na musamman kafin ya shiga, ka bar su sai zuwa na biyu. Kwana ɗayan da ya rage kuma ka bar shi ba komai a kansa, na hazo ne da gosulo.