Abin da Guduma Ke Ji a Cikin Ramin Hanya

[Hoto: tsakar dare, an rufe hannu ɗaya na titi a cikin ramin da ya huda dutse. Wani ma'aikaci na tsaye a kwandon mota mai ɗaga mutum sama, yana ƙwanƙwasa rufi.]

Duk sanda irin wannan hoto ya zagaya wayoyin jama'a, tambaya ɗaya ce ke biyo shi. Mutane kan ce, yaya ƙasa kamar Japan, wadda ta yi suna wajen ƙera na'urori, za ta tura mutum da 'yar guduma ya duba hanyar da dubban motoci ke bi ta cikinta kullum? Wasu har suna ɗauka cewa aikin ganin ido ne kawai. Wannan fahimta kuskure ce, kuma a kan wannan mataki za mu tsaya, domin an taɓa tsallake shi a wani wuri, aka yi asarar rayuka.

Sauran matakan binciken ba su da wuyar ganewa, don haka za mu bi ta kansu da sauri. Injiniyoyi kan fara da tsofaffin zane-zanen ginin da rahotannin binciken baya. Daga nan mota mai ɗauke da kyamarori da hasken leza ta ratsa ramin, ta ɗauki hoton bango da rufi, ta auna ko siffar ramin ta motsa, ta nuna tsagar da faɗinta bai kai milimita 1 ba. Ana gwada fankokin da ke fitar da hayaƙi, da fitilu, da magudanan ruwa, da ƙofofin tserewa idan gobara ta tashi. Wanda ya taɓa bi ta ramukan da suka huda duwatsun Makka a lokacin aikin Hajji ya ga irin waɗannan manyan fankoki rataye a bisa kansa.

[Hoto: taswirar tsaga a allon kwamfuta, sannan kyamara ta matso kusa da bango mai santsi.]

Ku dubi wannan bango da kyau. Babu tsaga, babu tabon ruwa, kuma kyamara za ta wuce shi ta rubuta cewa lafiya yake. Amma kyamara fuskar kankare kawai take gani, alhali lalacewar da ta fi haɗari daga ciki take farawa. Ruwan da ke tsatsafowa daga jikin dutse yana ratsa kankare a hankali har ya kai ga rodin da ke ciki, rodin ya yi tsatsa, tsatsa kuwa ta fi ƙarfen da ta fito daga gare shi cin wuri, saboda haka sai ta dinga tura ɓawon kankaren da ke rufe da ita waje. A ƙasashen da ake zuba gishiri a titi don narkar da ƙanƙara, tayoyin motoci na shigo da gishirin, lalacewar ta ƙara sauri. Sakamakon shi ne faifan kankare da ya riga ya rabu da jikin bango, yana nan a maƙale, fuskarsa sumul.

A nan guduma take shigowa. Mai sayen tukunyar ƙasa a kasuwa yakan ƙwanƙwasa ta da yatsa kafin ya biya, domin lafiyayyiya da mai ɓoyayyiyar tsaga ba sa yin amo ɗaya. Ku saurara.

[Sauti: bugu biyu, ɗaya mai kaifi, ɗaya mai dushe.]

Na farko amon kankare ne mai haɗe da juna, gajere, mai kaifi, kuma gudumar takan dawo da ƙarfi a hannun mai bugun. Na biyu ya dushe ne saboda akwai iska a bayan ɓawon, faifan da ya rabu yana girgiza shi kaɗai. Ma'aikacin zai ci gaba da bugu a kewaye har ya gano iyakar wurin, ya zagaye shi da alli, ya rubuta lamba, idan kuma guntun ya yi laushin da zai iya faɗowa, a nan take ya ɓamɓare shi ya sauko da shi, don kada wata rana ya faɗo a kan gilashin motar da ke gudu. Aikin na da wahala, domin mutum yana yin sa'o'i kansa a sama, hannunsa a ɗage, kuma dole a gama kafin gari ya waye a buɗe hanya. A ganina, babban amfanin gudumar ma ya wuce amonta: ita ce ke tilasta wa ɗan Adam ya kai hannunsa kowane lungu na rufin, tunda ba a bugu daga nesa.

[Hoto: bakin ramin Sasago, hayaƙi na fitowa, motocin kashe gobara.]

Ranar Lahadi, 2 ga Disamba, 2012, da misalin ƙarfe 8 na safe, rufin ramin Sasago da ke kan babbar hanyar Chuo a lardin Yamanashi ya rufto a tsawon kimanin mita 140, a hannun da ke nufar Tokyo. Ya danne motoci 3, wuta ta tashi, mutum 9 suka rasu. An buɗe ramin a 1977, tsawonsa ya haura kilomita 4 da rabi. Dutsen bai motsa ba, bangon ramin ma bai rushe ba. Abin da ya faɗo silin ne na fale-falen kankare, kowanne ya fi tan 1 nauyi, waɗanda aka rataya don samar da hanyar shigar iska da fitar hayaƙi a samansu. Duk wannan nauyi yana rataye ne a jikin ƙusoshin ƙarfe da aka cusa cikin ramukan da aka huda a ƙololuwar kankare, aka riƙe su da gam.

A watan Satumba na 2012, wata 3 kacal kafin hatsarin, an duba ramin. Sai dai ƙusoshin suna can sama, fiye da mita 5 daga kan silin, kuma masu binciken sun tsaya ne daga ƙasa suna haska su da tocila, suna kallo da madubin hangen nesa. Rabon da a ƙwanƙwasa su da guduma tun shekarar 2000. A takarda an yi bincike, amma babu hannun da ya taɓa abin da ke riƙe da rufin.

Wajibi ne a faɗi iyakar gudumar ita ma, domin kwamitin da gwamnatin Japan ta kafa don binciken hatsarin ya faɗe ta. Bugu na iya tona ƙusar da ta riga ta saki, amma ba ya auna ƙarfin da ya rage wa wadda har yanzu take riƙe. Kwamitin ya gano cewa tun lokacin gini gam bai cika wasu ramukan ba, kuma ba a lissafa matsin iskar da ke bugun bangon da ya raba hanyar shigar iska da ta fitar hayaƙi a saman silin yadda ya kamata ba, sannan shekaru suka ƙara nasu. Abin da ke bayyana irin wannan rauni shi ne gwajin ja, inda ake ɗaura wa ƙusa na'ura a ja ta da nauyin da aka ƙayyade, a ga ko za ta motsa. Amurka ta riga ta ga makamancin haka a Boston ranar 10 ga Yuli, 2006, lokacin da silin wani sabon rami ya faɗo ya kashe mace 1, bincike kuma ya nuna cewa gam ɗin da aka yi amfani da shi yana saki kaɗan-kaɗan idan nauyi ya daɗe yana jan sa. Haka nan kogon da ke can bayan kankare, tsakaninsa da dutse, ya fi ƙarfin kunne, sai na'urar radar ko a huda a duba. A Sasago dai ba a sake rataya silin ba. An cire shi gaba ɗaya, an maye gurbinsa da fankoki, kuma an yi haka a wasu ramukan masu irin gininsa.

[Hoto: tebur mai matakai huɗu, daga kore zuwa ja.]

Daga Yulin 2014 doka ta wajabta a Japan cewa kowane rami da kowace gada a duba su daga kusa, inda hannu zai kai, sau 1 a kowace shekara 5, kuma ramukan hanya a ƙasar sun kai kimanin 11,000. Amurka ta fitar da nata ƙa'idojin na ƙasa a 2015, inda tazarar binciken yau da kullum take wata 24. A tsarin Japan, kowane zagayen alli da ma'aikacin nan ya yi yana shiga cikin hukunci mai matakai 4: lafiyayye, mai buƙatar rigakafi, mai buƙatar gyara da wuri, da mai buƙatar matakin gaggawa. Da wannan ne ake tsara kasafin kuɗi. Wanda ya faɗa mataki na 3 ana son a gyara shi kafin zagayowar bincike na gaba, na 4 kuwa yakan kai ga taƙaita zirga-zirga ko rufe hanya nan take. A mataki na 2, toshe wurin yoyo da gyara magudana tun ruwa bai kai ga rodi ba ya fi arha nesa ba kusa ba a kan sake zuba rufi.

A 2019 an sassauta ƙa'idar Japan, aka yarda a yi amfani da na'urori a wuraren da injiniya ya tabbatar za su ba da sakamako daidai da zuwan mutum kusa. Dalilin a fili yake: ramuka da gadoji da yawa mallakar ƙananan hukumomi ne da ba su da isassun injiniyoyi ko kuɗi, mafi yawan gine-ginen kuma an yi su a zamani ɗaya, suna tsufa tare. Akwai garuruwan da, bayan sun karɓi sakamakon bincike, suka lissafa kuɗin gyara da yawan motocin da ke bi, suka rufe tsohuwar hanya suka karkatar da jama'a zuwa wata.