Na ga Ishaya a kan fata a Urushalima

Salama a gare ku 'yan'uwa. Ku yi haƙuri da muryata, yanzu na fito, jikina bai gama dawowa daidai ba. Kun ga wannan farin ginin da ke bayana, wanda ruwa ke ta fesuwa a kansa? An yi shi ne da siffar murfin tulu, irin tulunan da aka tsinci tsofaffin naɗaɗɗun littattafai na fata a ciki. Nan ne gidan tarihin Isra'ila a Urushalima. A ciki ba a yarda a ɗauki hoto ba, shi ya sa da baki zan ba ku labarin.

Wata takwas ina ƙasar nan ina karatun noma, kullum sai in ce gobe, sai yau Allah ya yi. Sama da shekel hamsin na biya a ƙofa, robar ruwa kuma shekel goma, kuɗin da zai shayar da gidanmu duka a Wusasa. To, a bar wannan.

Kana shiga sai duhu-duhu da sanyi, kowa ya rage murya. A tsakiyar ɗakin an zagaye wani abu mai kama da ƙatuwar ganga da naɗaɗɗen littafin annabi Ishaya. Tsawonsa ya haura mita 7, fata 17 aka ɗinka da juna, babi 66 ɗin nan duka suna ciki. A 1947 makiyaya Larabawa suka same shi a wani kogo a Kumran, kusa da Tekun Gishiri, kuma masana sun ce an rubuta shi wajen shekara 125 kafin haihuwar Yesu. Da mai gadi ya ce mini wanda ke kan gangar kwafi ne, na ainihin yana ajiye don kada haske ya lalata shi, raina ya ɗan sosu. Amma da na matsa na ga sawun ɗinkin, na ga inda marubucin ya tsallake kalma ya dawo ya maƙala ta a saman layi, sai tsigar jikina ta tashi. Mutum ne kamar ni ya zauna da tawada ya rubuta wannan, tun ba a haifi Maryamu ba.

Na roƙi wata dattijuwa mai yi wa baƙi bayani ta nuna mini babi 53. Ba na jin Ibrananci sai na cefane, amma na san abin da ke wurin, domin kakata ta sa mun haddace shi. Kowace Juma'ar Ista sai ta ɗauko tsohon Littafi Mai Tsarki nata, fassarar 1932 wadda Bature ɗan mishan Dakta Miller ya yi wa aiki, bangonsa an ɗinke da zaren buhu, ta karanta mana yadda aka yi wa bawan Ubangiji rauni saboda laifofinmu, aka kai shi kamar ɗan rago wurin yanka, bai buɗe baki ba. A sakandare wani ɗan ajinmu ya taɓa ce mini ai Kirista ne suka cusa wannan babin daga baya don ya dace da labarin gicciye. Ban iya ba shi amsa ba, na kwana da abin a raina shekara da shekaru. Yau ga shi a gabana, rubutacce tun babu ko Kirista ɗaya a duniya.

Kuma kada wani ya ce muku babu bambanci ko na ɗigo da abin da ke hannunmu. Akwai, yawanci na yadda ake rubuta kalma ne. Ɗaya ma daɗi ya yi mini: a aya 11 wannan fatar tana da kalmar "haske", wato bayan wahalar ransa zai ga haske. Ni da na ji haka safiyar Ista na tuna.

Ga gargaɗina ga masu zuwa ziyarar ibada daga gida. Kada ka zo nan kana nuna wa Bayahude yatsa kana cewa ga shi a littafinku. Abokin aikina a gona Bayahude ne, mun zauna a kan wannan babin muna cin gurasa. Ya ce a karatunsu bawan nan Isra'ila ne, ya buɗe mini babi 49 aya 3 inda aka kira bawan da wannan sunan ƙarara. Na ce to wane ne ake bugu saboda laifin "mutanena" a aya 8, wanda ba a sami yaudara a bakinsa ba? Ya yi murmushi ya zuba mini shayi. Fatar ta tabbatar mini maganar ta riga Almasihu zuwa, amma a kan wa take magana, wannan tambayar tun ta mutumin Habasha ce, ma'ajin sarauniya, wanda Filibus mai wa'azin bishara ya tarar a hanyar Gaza yana karanta wannan wurin a keken dokinsa. Ɗan Afirka ɗan'uwanmu ne ya yi ta, abin alfahari ne a gare ni. Ni amsar Filibus na riƙe, wato a kan Yesu take magana, kuma yau na ƙara riƙe ta da hannu biyu.

In za ku zo, kada ku bari sai Juma'a da yamma, motocin haya suna daina aiki saboda Asabaci, ranar hutun Yahudawa, tasi kuma zai kwashe muku kuɗin abincin mako.

Littafin kakata yana nan a akwatin Mama. Bari in samu inuwa in kira ta, ta buɗe mini aya 11 ta karanta, ina so in ji ko da haske a ciki.