Jawabin Maraba ga Mai Girma Jakada a Sawakin

Bismillahir Rahmanir Rahim. Mai Girma Jakada, ranka ya daɗe, malamai, dattawan unguwa, da maƙwabtanmu 'yan ƙabilar Beja da suka zo taya mu tarar baƙo, assalamu alaikum wa rahmatullah. A madadin Hausawan Sawakin, wannan tsohuwar tashar jiragen ruwa ta ƙasar Sudan, da 'yan'uwanmu na garin Tokar da ke kudu da mu, lale marhabin, sannu da hanya, sannu da shan rana.

Ranka ya daɗe, daga Port Sudan zuwa nan tafiyar kilomita 60 ce ko kusa da haka, kuma idonka ya gane maka: Bahar Maliya a hagu, jerin duwatsu a dama, tsakaninsu fili fetal, sai raƙuma da 'yan bukkoki jefi-jefi. Baƙo sai ya ɗauka ba kowa. Akwai jama'a, ruwa ne ya warwatsa su. Duk tsawon gaɓar nan babu kogi ko ɗaya mai gudu shekara cur, sai kwazazzabai masu gangaro da ruwa daga duwatsu na 'yan kwanaki, su ƙafe. Daminarmu ma a juye take: ɗan abin da ake samu a bakin teku da sanyi yake sauka, wajen Nuwamba zuwa Janairu. Shi ya sa makiyaya ke saukowa da dabbobi lokacin, in zafi ya tsananta kuma su haye dutse wajen Sinkat da Erkowit.

Tokar kuwa daban take. Kogin Baraka, wanda ya taso daga Eritiriya, yakan cika tsakanin Yuli da Satumba, ya malale a fili, ya bar laka baƙa mai kauri. Manomi ba ya duban sama. Ruwa na janyewa zai bi bayansa da iri, ya shuka gero da dawa da auduga, danshin nan kaɗai ya kai su girbi. Sai dai Baraka ba ya alkawari: gonar da ya jiƙa bana, baɗi ya kauce mata. Ga kuma ƙayar miskit da ta mamaye gonaki, a sare ta yau, gobe ta tofo. A watan Agustan 2024 ambaliya ta shiga garin Tokar, a watan ne kuma madatsar Arba'at, wadda Port Sudan ke sha daga gare ta, ta ɓalle.

Mu dai hanyar Makka ce ta kawo kakanninmu, a ƙafa. Wasu suka tsaya neman kuɗin jirgi, neman ya zama zama. Tun da aka kafa Port Sudan a 1905 manyan jirage suka koma can, gidajen tsohon garinmu na kan tsibiri, waɗanda aka gina da dutsen murjani, suka shiga rushewa, amma har yau daga Sawakin ake hawa jirgin Jidda.

Kokenmu ɗaya ne, ranka ya daɗe: ruwan sha. Rijiyoyinmu da yawa gishiri ya lalata su, talaka a kan keken jaki yake sayen jarka, farashin kuma yana tashi tare da zafi. Muna roƙo ka isar da wannan ga hukumomi da masu agaji, da bakinka, tunda ka gani.

Gobe in Allah ya kai mu, sammako za a yi zuwa Tokar kafin iska ta tayar da ƙura. Allah ya ja zamaninka, ya maida kai gida lafiya. Wassalamu alaikum.