Ƙudan da Ya Shekara 400 Bai Tashi Ba

Jama'a, yanzu na fito daga gidan adana zane-zane na Mauritshuis da ke birnin Hague a ƙasar Holan, kuma har yanzu kunya ba ta sake ni ba. Saura ƙiris in ɗaga hannu in kori wani ƙuda daga jikin zane, sai da mai gadi ya yi gyaran murya sannan na lura ashe ƙudan ma fenti ne. Na biya kusan Yuro 20 na shiga, ƙuda ya raina mini hankali.

Ambrosius Bosschaert ne ya yi zanen wajen shekarar 1618: tulun furanni a bakin taga, da raɓa a kan ganye, har da hujojin da ƙwari suka ci. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne, duk da idonka zai rantse gaskiya yake gani, wannan damin furanni bai taɓa wanzuwa ba, domin furannin ba lokaci ɗaya suke fitowa ba. Kamar mutum ne ya haɗa maka ɗanyar masarar damina da mangwaron bazara a faifai guda, ya ce yau ya tsinko su.

A gidan kuma akwai zanen Pieter Claesz na 1630, wanda shi bai tsaya ɓoye-ɓoye ba: ƙoƙon kan mutum, da kofin gilashi da ya faɗi, da agogo, da fitilar da ta mutu ɗan hayaƙinta yana tashi. Irin wannan suke kira vanitas, wato komai na duniya mai ƙarewa ne. Na tsaya ina murmushi, domin tun ina yaro kakata take ce mana duniya rumfar kara ce, ba ta kuwa taɓa riƙe burushin fenti ba. Attajiran Holan da fatauci ya azurta su ne suka sayi wannan wa'azi da kuɗinsu, suka rataye a ɗakunansu.

In Allah ya kawo ku nan, kada ku bi ayarin da ke rugawa wajen shahararren zanen nan na yarinya mai ɗan kunne da Vermeer ya yi ku wuce furannin. Ku tsaya ku nemi ƙudan a dandamalin tagar, amma hannuwanku su zauna a aljihu.